Dokar Mutum na Uku

Haƙorina na gaba, wanda jikoki suke yawan tambayata ina ya tafi, abokin ɗaukata ne ya fitar da shi da goshinsa a filin ƙwallo na Kudai. Ban taɓa riƙe shi a zuci ba. Ni ma na karya masa hanci, kuma washegari muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a cikin Harami da wata tsohuwa a kanmu.

Aikinmu ke nan, ɗaukar shibriyya. Ɗan gado ne na katako da igiya, ana ɗora tsoho ko majinyacin da ba ya iya ɗawafi da ƙafarsa, mutum huɗu su ɗauke shi a ka, biyu a gaba biyu a baya. Wanda bai yi aikin ba ba zai san cewa na dama da na hagu dole tsayinsu ya zo ɗaya ba. In ɗaya ya ɗara ɗaya sai gadon ya karkace, alhajiya ta fara zamewa tana salati da ƙarfi, mu'allim, wato shugaban masu ɗauka, ya wanke ku tas a gaban jama'a. Ni kuwa Allah ya yi ni zanƙalele, duk unguwarmu ta Misfala babu wanda ya kai ni. Na daɗe ana yawo da ni daga wannan ayari zuwa wancan, ana haɗa ni da gajeru suna jibga gammo a ka, har ranar da aka kawo wani Bagobiri daga bukkokin da ke wajen da yanzu ake kira Mansur. Iyayensa sun biyo ta Chadi da Sudan da shi yana goye. Mu'allim ya tsayar da mu gefe da gefe, ya ɗora sanda a kawunanmu, sandar ta kwanta daidai. Ya tafa hannu ya ce, "Halas, na ɗaura muku aure." Tun daga ranar mu ne na baya, shi a hagu ni a dama.

Shekarun nan ne, bayan yaƙin duniya ya lafa, ƙwallo ta shiga kan samarin unguwanninmu. Kudai a lokacin kwari ne na tsakuwa da awaki, babu mota ko ɗaya. Mukan gangara bayan la'asar, mu na Misfala da su na Mansur, yawancinmu ba takalmi, mu jera duwatsu a matsayin raga. Filin ba shi da layi, saboda haka duk lokacin da ƙwallo ta faɗa cikin duwatsu sai gardama ta tashi a kan wanda ya fitar da ita. Alƙalinmu wani dattijo ne, yaron mota a da, wanda ya ga ƙwallo a Sudan kuma shi kaɗai ke da usur. Shi ya yanke mana gardamar da abin da muke kira tashi: kowane ɓangare ya fito da mutum ɗaya, ya jefa ƙwallo sama tsakaninsu, wanda ya riga kai mata kai ya tura wa mutanensa. Rabin wasan duk a tashi yake ƙarewa. Kuma ba sai na faɗa ba, Misfala ni ta fitar, Mansur ta fitar da abokin ɗaukata.

Da farko tashi ba shi da doka ko ɗaya. Alƙali ya jefa, in cafki wuyan rigarsa, ya cafki nawa, mu tashi a manne. Gwiwar hannu a haƙarƙari, tafin hannu a maƙogwaro, yatsa a ido in an samu hanya. Mugu ne a sama, Allah ya jiƙansa, ni ma ban bar masa ba. Amma akwai abu ɗaya da ba mu taɓa faɗa wa juna da baki ba, ba mu kuma taɓa saɓa shi ba. Daga ƙugu zuwa sama yi abin da ka ga dama, daga ƙugu zuwa ƙasa ba a taɓawa. Mutum yana iya ɗaukar shibriyya da kumburarren ido, ba ya iya ɗauka da gurguwar ƙafa. Ƙafafunsa su ne abincin gidanmu, nawa su ne abincin 'ya'yansa. Ko a wajen dira, wanda ya ga ɗan'uwansa ya karkace sai ya ba shi kafaɗa ya dafa, sannan a ci gaba da zage-zage.

Doka ta farko ta zo ne saboda shaƙa. Wata rana abokin nawa ya riƙe mini wuya bai saka da wuri ba, na dira idona ya firfito, mutanenmu suka yi ca a fili da sanduna, aka fasa kawuna. Umda, mai unguwarmu, ya aiko cewa in ya sake jin an yi haka zai rufe filin. Manyan ƙungiyoyin biyu suka zauna suka fito da magani: duk mai tashi ya cusa hannuwansa biyu cikin ɗamararsa ta baya har wuyan hannu, ba zai zare ba sai ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Irin faffaɗar ɗamarar fatar nan muke ɗaurawa, kuma alƙali da kansa yake zuwa ya ƙara tamke ta kafin ya jefa.

Sun ɗauke mana hannu sun bar mana kai, kuma sun manta irin kan da suka bari. Kan da ya saba da nauyin katako da alhazai tun safe har dare ba kan wasa ba ne. Ranar farko da muka tashi a ɗaure, goshinsa ya haɗu da nawa, ƙarar ta fita kamar an saki taɓarya a turmi. Na ga wuta, na dira ina tangaɗi, jini yana bin girata yana shiga ido. Jama'a suka yi ihun daɗi. Sati na gaba haƙorina ya tafi, na tofar da shi a tsakuwa na koma na tsaya. Bayan nan hancinsa ya kwanta gefe guda, har ya mutu a haka yake. Mutanen da a da ba sa zuwa suka fara zuwa, har da masu sayar da tsire da balila, wato dafaffen wake. Nakan yi mamakinmu. Garin da aka hana tsinke ciyawa da korar tantabara, a cikinsa muke zubar da jinin juna kowace Juma'a, mu wanke a bakin rijiya mu bi sallar magariba a sahu ɗaya.

Sai wata matsala ta ɓullo. Tsayinmu ɗaya, tsallenmu ɗaya, hannu babu, don haka sau da yawa kawunanmu ne suke haɗuwa, ƙwallo ta faɗo tsakaninmu ta tsaya. Mu kuma mu dira ƙirji da ƙirji muna tokare juna don kada wani ya faɗi. Alƙali ya sake jefawa, a sake, a sake, rana tana faɗuwa ba a ci kowa ba. Aka fara gunaguni wai mun haɗa baki. Wanda ya fi kowa yaɗa maganar shi ne shugaban ƙungiyarmu, wani tela mai ɗan tumbi wanda bai taɓa ɗaga ƙafa daga ƙasa ba tun da aka haife shi. Ni da giɓi a baki, shi da hanci a karkace, wai mu ne muke yi wa juna sauƙi. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Aka kira zama a wata gahawa, wato wurin shan shayi, a Misfala bayan sallar Juma'a. Telan ya miƙe yana gyara hula.

"Ya jama'a, wasan nan ba na mutum biyu ba ne," in ji shi. "Daga yau, da zarar ƙwallo ta bar hannun alƙali, kowa yana iya shigowa. Mutum na uku, na huɗu, duk mai iko."

Na ce, "Ɗayyib. To a kwance mana hannu."

Alƙali ya girgiza kai. "La, la, ya waladi. Waccan dokar umda ya san da ita. In muka taɓa ta, fili ya tafi."

"Ya ammi, dubi Allah," na ce masa. "Mutum yana sama, idonsa a sama, hannunsa a ɗaure a baya. In aka shigo masa, da me zai kare kansa? In ya faɗo, da me zai tare ƙasa?"

Telan ya yi dariya ya dubi jama'a. "Dogo ya ji tsoro. Ko kuwa amaryar da mu'allim ya aura maka kake ji wa?"

Na shure tiren shayin da ke gabansa, kofuna suka tarwatse, na kama gaban rigarsa na ɗaga shi har sai da takalmansa suka zube. Abokin ɗaukata ne ya ɓamɓare hannuna. Ya ja ni gefe yana murmushi da karkataccen hancinsa.

"Bar su, ɗan'uwa," ya ce. "Wa za ya kai inda muke cikin wanga taro? Gajeru na duka. Su shigo mana, iska za su sha."

Yana da girman kai a kan tsayinsa, ni ma haka, shi ya sa na bar maganar. Mu biyun mun ɗauka sama za su biyo mu. Aka ɗaga hannu, doka ta wuce, aka sake kawo shayi.

Wasan ƙarshe kafin azumi ne, cikin Sha'aban. Zafi ya yi zafi, tsakuwar tana ƙona tafin ƙafa. A tashin farko wani ɗan Mansur ya gwada shigowa, ya yi tsalle ya ƙare a hammatata, jama'a suka yi masa dariya. Muka saki jiki. Can wajen ƙarshen wasa ƙwallo ta faɗa cikin duwatsun gefen yamma, alƙali ya kira mu nan kusa da inda ta fita, inda ƙasar ba ta da laushi ko kaɗan. Ya tamke mana ɗamara. Na hangi telan yana raɗa wa wani ɗan ƙungiyarmu magana a kunne, wani gajere mai faɗin ƙirji da yake fasa dutse a tsaunin bayan unguwa. Ban kawo komai a raina ba, idona yana kan hannun alƙali.

Ya jefa. Muka tashi tare kamar kullum. Ina jin numfashinsa a fuskata, sai kawai na ji babu shi. Mai fasa dutsen ya taho a guje daga bayan abokina, bai yi tsalle ba, bai ko dubi ƙwallo ba, ya sunkuya ya sa kafaɗa a bayan gwiwoyinsa yana sama. Ƙafafunsa suka yi sama, kansa ya yi ƙasa, ya juya a iska yana fizgar hannuwansa, ɗamarar ta ƙi saki. Ya faɗo da cinyarsa ta hagu a kan wani dutse mai baki. Na ji ƙarar ƙashin kafin ƙafata ta taɓa ƙasa.

Bai yi ihu nan take ba. Ya buɗe baki kawai, cinyar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Ban san lokacin da na zare hannuna ba, fatar wuyan hannun ta tafi da ɗamarar. Mai fasa dutsen yana miƙewa yana kakkaɓe jiki, ya dube ni yana haki ya ce, "Doka ta yarda." Na kama kunnuwansa biyu na sa masa goshi a fuska. Na sake. Na ji haƙoransa suna shiga fatar kaina ban daina ba, har ya sulale, na bi shi ƙasa da gwiwa. 'Yan Mansur suka kwararo da sanduna, suna dukana don ni ɗan Misfala ne. 'Yan Misfala suka kwararo suna dukana don na taɓa nasu. Wani ya sauke mini sanda a ƙeya, wani ya cije ni a kafaɗa, duwatsun raga suka fara yawo a sama. Na ga mai balila yana dukan mutum da ludayi, na ga alƙali zaune a ƙasa jini yana zuba daga kunnensa yana ta busa usur babu mai jin sa. Telan na nema, shi nake so, amma tuni ya haye tsauni riƙe da takalmansa. Aka kira magariba muna ji, ba wanda ya tsaya, sai da askarawa suka iso da bulala suka bi kan kowa.

Da na rarrafa na isa wurin abokina, an tattaka shi a cikin rikicin, kuma hannuwansa suna nan a cikin ɗamara. Ni na kwance ta. Muka ciro ƙyauren wani garken awaki muka ɗora shi, muka kai shi wurin wani tsohon maɗori a unguwarsu. Mutum huɗu muka danne shi, ni na riƙe ƙirjinsa, maɗorin ya sa ƙafa a matsematsinsa ya ja. A nan ne ya yi ihun, ya cije hannuna har ƙashi, ya suma. Aka ɗaure cinyar da rassan dabino da tsumma.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai fasa dutsen bai yi ƙarya ba, doka ta yarda. Babu wanda za a kai ƙara. Bayan Sallah manyan suka sake zama a gahawar nan suka soke dokar mutum na uku, suka sha shayinsu, aka nemo wasu dogaye biyu aka ci gaba. Ban sake taka filin ba.

Azumin nan na yi aiki da wani gajere ɗan aro wanda ya naɗa gammo uku a kansa. Nauyin duk a wuyana yake sauka. Wata rana gammonsa ya zame a tsakiyar ɗawafi, wata tsohuwa 'yar Jawa ta kusa faɗowa, 'ya'yanta suka kusa cinye mu. Mu'allim ya kira ni gefe. Ba mugun mutum ba ne, amma ba ya ɓoye magana.

"Isma', saurara, ya waladi," ya ce. "Kai kaɗai ba ka da amfani a wurina. In abokinka ya tashi kafin alhazai su cika gari, ahlan wa sahlan. In bai tashi ba, ku biyun sai haƙuri."

Kowa ya san aikin Hajji shi ke ciyar da gida har shekara ta zagayo. Ni ina da uwa da ƙanne mata, shi yana da mata da 'ya'ya ƙanana a bukkar langa-langa da buhu. Kullum in na tashi aiki sai in bi ta wurinsa in zauna a bakin tabarma, mu yi ta zagin telan har mu gaji. Bayan Sallah ya fara dafa bango, daga nan sanda, daga nan ya yar da sandar. Ƙashin ya kama, ƙarfinsa ya dawo, amma ƙafar ta warke a gajarce da kamar faɗin yatsu biyu. Ya sa wani baduku ya ƙara masa tayar mota a ƙasan takalmin hagu, yana tafiya da shi tsaf ba ka gane komai. Na yi murna har na rungume shi. Shi ne ya dube ni ya ce, "Ka manta ba a shiga Harami da takalmi?"

Cikin Zulƙida, gari ya fara cika, mu'allim ya ce mu zo a gwada. Da hantsi ne, a lungun bayan gidansa. Aka ɗora buhunan shinkafa a kan shibriyya a madadin mutum, na gaba biyu suka shiga, muka tuɓe takalma muka shiga baya. Aka yi bisimilla muka ɗaga. A tsaye lafiya lau, don ya ɗage dunduniya. Da aka fara tafiya sai abin ya fito. Duk takun da ya yi da ƙafar hagu ɓangarensa sai ya nutsa, buhunan su ja gefensa, katakon ya ƙwale ni a ka.

Sai na fara lanƙwasa gwiwata. In ya taka hagu, ni ma in taka hagu in rage tsayi daidai yadda ya ragu, mu nutsa tare mu taso tare. Gadon ya daina karkacewa, sai ɗan rausaya kawai gaba da baya. Buhunan suka zauna. Gwiwata ta fara zafi tun kafin mu kai ƙarshen lungun, amma na cije. Muka juyo. Na hangi mu'allim yana shafa gemu yana gyaɗa kai, na fara murna.

"Ku tsaya," in ji abokin ɗaukata. "Ku sauke."

Na ce, "Yalla, mu ƙarasa, saura kaɗan."

"Na ce ku sauke!"

Aka sauke. Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Mi kaka yi?"

"Ba abin da nake yi."

"Ɗingishi kaka yi min?"

"Wallahi ban..."

Ya ɗauke ni da mari, irin wanda bai taɓa yi mini ba ko a fili, har kunnena ya toshe. Na gaba biyun suka ja da baya.

"Ɗawafi, ga Safa da Marwa, tun asuba har dare, wata guda cur, a kan lanƙwasasshiyar gwiwa?" ya ce. "Kafin a sauko Arfa kai ma ka zama ni. Sannan wa za ya ciyar da tsohuwarka?"

"Gwiwata ce, ina ruwanka!"

"To ba da ni ba." Ya juya wurin mu'allim. "Ya ammi, ka gani da idonka, ban iyawa. Nemo mishi dogo."

"Babu wani dogo!" na daka masa tsawa. "Ka san babu!"

Ya sunkuya ya ɗauki takalmansa, bai ma saka ba, ya riƙe su a hannu ya kama hanya, kafaɗarsa ta hagu tana nutsawa tana tasowa. Na bi shi da zagi. Na zage shi, na zagi girman kansa, na zagi karkataccen hancinsa, ina zagi ina kuka a gaban mutane, ni da ban yi kuka ba ranar da aka fasa mini kai. Bai waiwayo ba har ya sha kwana.

Mu'allim ya dafa kafaɗata, ya ce wa na gaba su mayar da buhunan ciki. Hajjin shekarar nan ruwa na ɗauka a garwa ina bi gida-gida, aikin da mutum ɗaya yake yi.